Durowar Evaristo

Gidanmu na kan tudu a Valparaíso,
matakala tamanin da bakwai daga titi,
teku na can ƙasa tana wanke ƙafar gari.
A kicin akwai durowa mai haɗiye hannu har gwiwa,
abin da ya faɗa cikinta sai an sha tonowa.

Ludayi ya hau wuƙa, wuƙa ta hau marfin tukunya,
mabuɗin gwangwani ya yi ɓatan dabo tun bara,
ga guntun kyandir, ga zaren ɗaure nama.
Babana ya ce, wannan ai rijiya ce,
ba guga, ba igiya, sai dai nutsewa.

Evaristo Quilodrán, shekara talatin kuku a jirgin kamun kifi.
Yanzu yana ta rufe masa idon hagu, na dama saura ƙiris.
Ran Talata ya zura hannu neman matatar shayi,
wuƙar kifi ta riga shi gaisuwa a babban yatsa.
Bai ce uffan ba.
Jinin na tarar, ɗigo-ɗigo, bakin famfo yana bushewa.

Na sauka shagon Nibaldo na sayo falanki,
na ari zarto, na ɗauko gam da ƙananan ƙusoshi.
Na auna bakin durowa, santimita arba'in da uku,
na yanka da ƙwarin gwiwa.
Katako ya shiga rabi, ya cije, ya ƙi wucewa.

Ashe can ciki arba'in da biyu ne.
Girgizar ƙasa ta daɗe da murɗe gidan nan,
babu kusurwa ɗaya da ta rage a miƙe.
Tsoho ya yi dariya har da tari:
Herminia, garaje ba ƙarfi ba ne,
auna gindi, auna baki, kafin ki kai ga yankewa.

Ya ja kujera ya zauna, yatsa a naɗe da ƙyalle.
Ya ce, a jirgi kowane cokali da ɗakinsa,
don in igiyar ruwa ta taso, fitila ta mutu,
hannu ne ido.
Wuƙaƙe ki tsaga musu gurbi, kaifi ya dubi ƙasa,
ƙota ta dubi cikina.
Masu nauyi su sauka, marasa nauyi su yi hawa.

Sai na yi wa durowa bene.
Na kafa sanda biyu a gefe, dama da hagu,
na ɗora faranti na katako mai zamewa a kai,
cokula a sama, a tura shi baya a ga na ƙasa.
Kwana uku garin katako na shiga mana miya.
Gam ya kama mini gashi. Ƙusa biyu sun lanƙwashe.
Ya bi kowane gefe da ɗan yatsa,
inda ya ji kaushi ya ce, nan, a ƙara gogewa.

Gurbi guda a kusurwar dama ya hana ni cikawa.
Na tambaya, ya ce ba ruwana.

Daren Asabar ƙasa ta ɗan motsa,
kofuna suka yi ta cacar baki a kan kanta,
wuta ta ɗauke tudun gaba ɗaya.
Ina tsaye a duhu, na rasa gabas.
Sai na ji takunsa, na ji durowa ta buɗe,
ba laluba, ba ƙarar ƙarfe.
Ƙyas! Ashana.
Guntun kyandir nan ne, daga gurbin kusurwar dama.
Ya miƙo mini, ya ce, riƙe,
ni ba na bukata, ke ce mai tuntuɓe,
ya juya ya tura durowa, ta koma ba ko cijewa.